Asabar ta Akwati, Lahadi ta Makulli

Tun da na dawo daga ƙasar Sakkwato ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Duk wanda ya zo yi mini barka da zuwa, da ya ga albasar da ke rataye a zaurena, sai ya gyara zama ya ce in ba shi labari. Abokanmu na majami'a kuwa, da suka ji cewa da wani mai kiyaye Asabar aka haɗa ni aiki, abu ɗaya suke so su ji: wai yaya muka ƙare da shi, na kayar da shi a muhawara ko kuwa? Na gaji da cewa sai wani lokaci. Zan rubuta labarin sau ɗaya, wanda ya karanta ya ƙyale ni. Ku sani tun yanzu, ba irin labarin da mutum ke bayarwa yana murmushi ba ne.

Kun san aikina lamba ce, tsagar nan da ake yi wa mutum a dantse a ɗiga magani don kada agana ta kama shi. Da rani ya shiga aka ji ciwon ya ɓulla a gabashin Sakkwato, aka ce ma'aikatan can ba su isa ba, a ara musu daga Zariya. Ni aka ara. Jirgin ƙasa ya kai ni Gusau, daga nan na hau mota a kan buhunan gishiri. Wanda bai taɓa yini a kan buhun gishiri cikin rana ba, kada ya yi mini maganar wahalar tafiya. Na isa Sakkwato wandona ya yi fari fat, ya ƙage, mutane suna kallona suna kawar da kai don kada in ga dariyarsu.

A can aka haɗa ni da Malam Iliya. Mutumin duwatsun wajen Jos ne, dogo, ya girme ni, magana tasa ba ta da yawa. Ba ya cin goro, ba ya shan taba, tuwo ma sai ya daɗe yana juya loma kafin ya kai baki. Likita Bature ya danƙa masa akwatin magani da jakin da zai ɗauke shi, ni kuma ya ba ni makulli, wai don kada ɗayanmu ya buɗe ba da sanin ɗan'uwansa ba. Maganin nan ba ya son zafi, kullum akwatin yana naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, duk inda muka ga rijiya sai mun tsaya an yayyafa masa ruwa.

Ba mu yi nisa da gari ba Malam Iliya ya ce, "Malam Filibus, gara in gaya maka tun da wuri. Ni ba na aiki ran Asabar."

Na ce, "Ni kuma ba na yi ran Lahadi."

Ya ce, "To ai ya yi daidai. Ran Asabar ka ɗauki akwati, ran Lahadi ka ba ni makulli."

Shi ke nan maganar ta ƙare. Da mun bar ta a nan, da yanzu labarin kifi da fura kawai nake ba ku.

Rabah muka fara sauka. Kafin a shiga sai an yi fito, kuma jakinmu ya ga jirgi ya ce shi fa ba da shi ba. Mai fito ya ja, na tura, jaki ya goce, na tafi cikin ruwa har wuya. Malam Iliya yana tsaye cikin jirgi da akwati a ka, bai ko motsa ba, sai da muka haye sannan ya tambaye ni ko makulli yana nan. Aka sauke mu a gidan wani mai saƙar tabarma. Mutumin kirki ne, amma ƙwaryar shan ruwanmu daban ya ware, ya ɗaura mata jan zare don kada ta ɓace cikin nasu. Ban ji daɗi ba, amma na sha, tunda ruwan da ke ciki mai sanyi ne.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne abinci. Mu a gida mun saba tuwo shi ne abinci, fura kuwa ta tare yunwar rana ce. Su can fura ita ce kan gaba, da safe fura, da rana fura, ga nono mai kauri da Fulani ke kawowa. Sai da na yi kwanaki cikina yana tambayata yaushe za a ci abinci. Sannan ga gaisuwa. In dattijo biyu suka haɗu, sai ka sauke kayanka ka nemi inuwa, don za su tambayi gida da iyali da gajiya da rana da ruwa, su koma farko su sake.

Aikin kansa ba sauƙi. Da an ji masu lamba sun shigo, sai gari ya zama ba yaro ko ɗaya. Mata su ce duk an tafi da su ƙauye wajen kaka. A wani gida muna tsaye matar tana rantse-rantse, sai muka ji atishawa daga cikin rumbu, wani ya bi da tasa, wani ma ya bi. Ƙaiƙayin gero ya tona su. Aka fito da su ɗaya bayan ɗaya, sun yi fari da ƙura, uwar tana dariya tana kuka. A Rabah tsarinmu ya tafi sumul. Ran Asabar ni da jaki muka zaga unguwanni, Malam Iliya yana ɗaki yana karatu. Ran Lahadi shi ya fita, ni na zauna. Mutane har suna cewa waɗannan masu lamba ba su da ranar fashi.

Daga nan muka nufi Wurno. Garin yana kan tudu, fadama tana shimfiɗe a ƙasansa, masaƙa a kowane lungu. A nan na ci tuwon shinkafa da miyar kifin da har yau nake tunawa. Mai masaukinmu yana da babban zaure, bayan sallar la'asar dattawan unguwa suke taruwa hira. Wata rana muna zaune tare da su, wani tsohon malami mai farin gemu ya juyo gare mu.

Ya ce, "Malamai, ku gahurce ni, tambaya gare ni. An ce muna ku duka mutanen Annabi Isa na. To mi yas sa wanga ka hutawa Asabar, wanga kuwa Lahadi? Wace ta Allah yab ba ku?"

Ba da tsokana ya tambaya ba, so yake ya sani. Malam Iliya ya amsa a hankali. Ya ce rana ta bakwai Allah ya keɓe tun farkon duniya, ya sa ta cikin dokokinsa, kuma shi bai ga inda aka ce an ɗage ta ba. Ya ce Almasihu kansa ran Asabar yake shiga wurin ibada. Mutane ne daga baya suka sauya, shi kuma ba ya iya bin mutane ya bar abin da ke rubuce.

Ni ma na kawo tawa. Na ce mu a wurinmu ranar farko ta mako Almasihu ya tashi daga matattu, a ranar ne almajiransa suka riƙa taruwa, kuma tsohuwar doka ta cika aikinta, ba a ƙarƙashinta muke ba. Dattawan ba su yarda da maganar tashi ba, na gani a fuskarsu, amma suka ƙyale ni don ni baƙo ne. Da na tsaya a nan da ba laifi. To kun san bakina. Na ga idanu a kaina, na ji daɗin kaina.

Na ce, "Malam Iliya, in doka kake bi, ai sai ka bi ta duka. Littafin bai ce kai kaɗai za ka huta ba. Ya ce da baranka, da dabbarka, da duk abin da ke hannunka. To ga jakin da aka danƙa maka, kowace Asabar yana fama da akwatinka a rana, kai kana kwance a inuwa. Ko shi jakin ɗan Lahadi ne?"

Zaure ya kwashe da dariya, har tsohon malamin ya rufe baki da hannun riga. Malam Iliya bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya dube ni ya ce, "Ka faɗi gaskiya. Ban taɓa lura ba." Ni na ɗauka ya sallama ke nan. Na tashi ina jin na ci gari.

Hanyar Goronyo ta bi gefen fadama, albasa ko'ina, ana ta haƙa ana jerawa cikin rumfunan kara. Warinta ya bi mu har cikin tufafi. Malam Iliya ya ƙara yin shiru, ni kuwa na ɗauka haushin kaye ne. A kasuwar Goronyo muna cikin aiki wani dattijo gajere mai faɗin kafaɗa ya tsaya yana kallonmu har muka gama. Sannan ya matso ya gaishe mu, ya ce sunansa Modi, shi ne mai unguwar wani ƙauye bayan Rimawa. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba.

Ya ce, "Akwai Hillani bayan garinmu, Ardo Buba da jama'atai. Tun zamanin ubana da ubanai shanunsu ka kwana gonarmu in an yi girbi, su bam muna taki, mu ba su damman hatsi. Ba mu taɓa saɓawa ba. Yanzu ciwon ga ya kusato, ga su da ɗiya da yawa. Ba su yarda da lamba, da sun ji ku daji za su shiga. Amma in nic ce su zo, suna zuwa. Ku ba ni rana, in kai musu."

Ni na ba shi rana. Na lissafa a raina na ce za mu iso ran Jumma'a, Ardo ya kawo mutanensa Asabar da safe. Ban ko waiwayi Malam Iliya ba, tunda Asabar tawa ce.

Baba Modi ya ce, "Asabar da sahe. Malam, maganata za ni ba su jingina hwa."

Na ce, "Baba, kada ka ji kome."

Mun isa ran Jumma'a ana shirin tafiya masallaci. A nan na ga wani abu da na riƙa kwatantawa da namu. Mu ran Lahadi ba noma, ba kasuwa, ko ɗinkin maɓalli mahaifiyata ba ta yarda a yi. Su kuwa suka yi wanka, suka sa fararen riguna, suka je suka yi salla, suka dawo suka tuɓe suka koma fadama. Har na ce wa Malam Iliya, dubi mutanen nan ba su san hutu ba. Baba Modi ya sauke mu a ɗakin da ke jikin zaurensa, ya kawo ruwa a ƙwaryar da shi kansa yake sha, ba zare ba kome. Aka yanka mana kaza.

Asabar da hantsi suka iso. Mata da goyo, yara a gaba, tsofaffi a baya, Ardo Buba da sandarsa a kafaɗa. Suka zauna ƙarƙashin wata tsamiya a ƙofar gidan, a takure, kowace uwa ta riƙe nata. Wata 'yar yarinya mai jan murjani a wuya ita kaɗai ba ta jin tsoro. Ta zo har bakin ɗakinmu ta leƙa, ta nuna mini dantsenta, ta koma da gudu.

Na shiga na ce, "Malam Iliya, kawo akwati."

Yana zaune kusa da shi, littafi a cinya. Ya ce, "Malam Filibus, tun Wurno nake juya maganarka. Gaskiya ka faɗa. Akwatin nan da sunana aka ba da shi. In na miƙa maka yau, ni na sa aka yi aikin, na ɓoye a bayanka kawai. Ba zan iya ba. Ka ba su haƙuri, gobe tun da asuba ni zan yi musu duka."

Na ce, "Wasa nake yi a Wurno."

Ya ce, "Kai kake wasa. Maganar ba wasa ba ce."

Na yi ta faɗa ƙasa-ƙasa don kada a ji a waje. Amma bari in gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba tun da na dawo. Ban roƙe shi ba. Da na durƙusa na ce Malam, dubi yaran nan, na san mutumin, da wuya ya ƙi. Ban yi ba, don wani gefe na zuciyata murna yake. Na ce bari garin nan duka ya ga inda Asabar take kai mutum. Na fita na gaya wa Baba Modi cewa addinin abokina ya hana a taɓa akwati yau. Har da ɗaga murya, don na kusa su ji.

Baba Modi ya ce, "Addini ba a wasa da shi." Ya tafi wajen Ardo, suka daɗe suna magana, na ga yana dafa ƙirji. Daga nan ya sa aka buɗe rumbunsa, matan gidan suka kama daka, aka ciyar da jama'ar nan duka. Suka kwana a zaure da gidajen maƙwabta, mutanen da ba su saba kwana nesa da shanunsu ba.

Lahadi gari na wayewa Malam Iliya ya riga ya jiƙa buhu, ya wanke hannu, ya fito da akwati bakin ƙofa. Ya ce, "Malam Filibus, makulli."

Na ce, "Makulli ma yau yana hutawa."

Ya dube ni kamar bai ji ba. Na ce, "Da sunana aka ba da shi. In na miƙa maka, ni na sa aka yi aikin. Ko ranarka ce kaɗai rana?"

Ya ce, "Don Allah, Malam Filibus." Shi ya roƙa, abin da ni ban yi ba jiya. Na buɗe littafina na sa ido a kai.

Can sai ga Baba Modi. Mutumin da ya haifi kamata, ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, ya cire hula. Ya ce, "Ɗana, mi yaf faru yau? An ce kai ma ranarka ta."

Na ce, "Haka ne, Baba. Gobe in Allah ya kai mu."

Ya ce, "Shanu na can ga yara ƙanana, ba su iya kai su ruwa. Ardo ba shi kai gobe."

Na ce abin da Allah ya keɓe ba ni da ikon taɓawa. Da bakina na sa sunan Allah a cikin wannan magana. Tsohon ya mayar da hularsa, ya tashi da ƙyar yana dafa bango. Na ji shi yana ce wa matan gidan su ɗauke turmi su kai bayan gida, kada daka ta dami baƙo yana ibada. A cikin littafin da ke cinyata akwai labarin yadda Almasihu ya warkar da mara lafiya a ranar hutu, ya kuma tsawata wa waɗanda suka yi gunaguni. Na sha koya wa yara shi a majami'a. Ina zaune ina jin kukan jarirai a gindin tsamiya, ina jiran Malam Iliya ya zo ya ce ya yi kuskure jiya. Abin da nake jira ke nan, ba wani abu ba.

Bayan azahar Ardo ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, amma ɗakinmu kusa yake, na ji kome.

Ya ce, "Modi, kac ce muna Asabar, munka zo Asabar. Kac ce mu kwana, munka kwana. Mun bar dukiya ga yara, mun ɗebo mata da ɗiya, don mu zo mu ga baƙinka na hutawa. To mun gani. Sun iya."

Na fito da makulli a hannu a lokacin, amma sun riga sun kama hanya. Baba Modi ya bi su har bayan gari, Ardo bai waiwaya ba. Yarinyar nan mai murjani tana kan kafaɗar wani, ita kaɗai take juyowa tana kallonmu.

Litinin muka yi wa mutanen ƙauyen lamba. Baba Modi ya kawo jikarsa aka fara da ita, bai ce mana kanzil a kan abin da ya wuce ba. Ya aika ruga, aka ce Ardo ya ce sun gode. Muka wuce Taloka, daga nan Boyekai. Hanya ce mai yashi, jaki yana nutsewa, ruwan rijiyoyin wajen yana da kanwa-kanwa. A can wata tsohuwa ta ba mu hoce, wainar dawa mai tauri da ke daɗewa ba ta lalace ba, na kusa barin haƙori a ciki. Ni da Malam Iliya muna ci a akushi ɗaya, muna kwana ɗaki ɗaya, ba mai iya duban idon wani. Asabar ta zo ya tura mini akwati da ƙafa ba magana, Lahadi ta zo na ajiye makulli a kan tabarmarsa.

A Boyekai wani mai sayar da kanwa ya ba mu labari cewa agana ta shiga rugar Ardo Buba. Ranar Jumma'a ce da yamma. Washegari tun kafin rana ta fito na ga Malam Iliya ya ɗaure jaki a inuwa, ya zuba masa harawa, ya naɗe gammo ya ɗora akwati a kansa. Na ce yau fa Asabar. Ya ce, "Jaki ya huta. Ni ban cancanta ba." Muka kama hanya a ƙasa, rana tana dukanmu, ruwan buhu yana bin wuyansa.

Mun isa rugar da la'asar. An kewaye ta da ƙaya, ba hayaniyar yara, wasu bukkoki an ware su can gefe. Ardo ya fito ya tare mu tun daga nesa. Ya rame. Muka gaishe shi ya amsa, gaisuwa cikakka, har da tambayar gajiya. Sannan ya dubi akwatin.

Ya ce, "Yau wace rana ta?"

Na ce, "Asabar ce, Ardo."

Ya ce, "To ku koma ku huta. Gobe ma ku huta."

Malam Iliya ya sauke akwati ya durƙusa cikin yashi. Ya ce, "Ardo, waɗanda bai kama ba tukuna, bari mu yi musu."

Ardo ya ce, "Ciwo ya riga ku, malam. Shi ba shi da Asabar, ba shi da Lahadi." Ya ja ƙaya ya rufe ƙofar, ya juya.

Na tambaye shi daga bayan ƙaya, yarinyar nan mai jan murjani fa? Ya ci gaba da tafiyarsa. Baba Modi ne ya gaya mini daga baya cewa jikar Ardon ce, kuma ba za a taɓa jin ya ambace ta ba, haka al'adarsu take. Tana cikin na farko da aka binne.

Ƙauyen Baba Modi muka koma muka kwana, don ba inda ya fi kusa. Na so ƙasa ta buɗe kafin mu kai ƙofarsa. Ya fito ya tarbe mu kamar wancan karo, ƙwarya ita ce dai, ɗaki shi ne dai. A jikin bangon zaure na ga damman gero a jingine, na tambaya. Ya ce waɗanda ya ba Ardo ne na takin bana, Ardo ya aiko aka dawo da su, ya kuma kwashe shanunsa ya kai gonar wani. Na fara magana, na ce Baba, laifin nawa ne, ni na riƙe makulli. Ya ɗaga hannu ya ce baƙo ba ya laifi a gidansa, shi ne ya yi gaggawar kiran mutane bai bincika ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Da muka koma Sakkwato Malam Iliya da kansa ya gaya wa likita duk abin da ya faru, bai rage nasa ba, bai ƙara nawa ba. Likita ya yi faɗa, sannan ya ce watakila ciwon ya riga ya shiga jikin wasu tun kafin ranar, ba wanda zai iya sani. Don ya kwantar mana da hankali ya faɗa, nawa dai bai kwanta ba. Mun rabu da Malam Iliya a tashar Gusau. Shi yana nan a kan Asabar ɗinsa, ni ma ina nan a kan Lahadi, kuma in kun tambaye ni hujja har yanzu zan iya jero muku. Amma ku daina tambayata wa ya ci muhawara. Muhawarar a kan dantsen 'ya'yan wasu muka yi ta.

Albasar da kuka gani a zaurena, wadda wasunku suka ɗiba suna yaba girmanta, ta Baba Modi ce. Ranar da za mu bar ƙauyensa ya sa aka cika buhu aka ɗora wa jakinmu, wanda aka kawo mana daga Boyekai. Na ce ba zan karɓa ba, ya ce ba a mayar da guzuri. Ya raka mu har bakin fadama, ya tsaya kusa da gonarsa ta tudu, inda shanu suka saba kwana, ba ko ɗaya sai turaku a kafe.

Ya ce, "Ɗana, in Allah ya maido ku baɗi, nan za ku sauka, gida naku na. Amma ku aiko da wuri a gaya min ranar da addininku ya yarda ku taɓa yaro, ku je ku hwaɗa ma mutane da bakinku. Ni tsoho na. Magana guda gare ni, na kuwa kashe ta."

Kullum matata tana yanka albasar nan a miya, ni kuma ina ci, don kyautar mutum ce, ba ta zubarwa. Har yau ba ta ƙare ba.